Ba Tafiya Ce Ta Kashe Usta Isyaku Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Yabo da godiya su tabbata ga Allah da Ya shimfiɗa ƙasa domin a taka ta, Ya kafa duwatsu, Ya gangaro da ruwa daga kansu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 'Yan'uwana na Gadarif, da na Hawata da Showak, da duk wanda wannan rubutu ya iske, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau, ban ko naɗe buzun salla ba, aka buga mini ƙofa aka ce Usta Isyaku baduku ya cika.

Da hantsi muka kai shi makwancinsa. Ni na yi masa salla, domin haka iyalinsa suka nema, kuma Allah Ya sani da ƙyar kabbarar farko ta fita daga bakina.

Na so in yi shiru har a tashi makoki, abin da ya fi dacewa da mai shekaruna ke nan. Amma a maƙabarta, tun ba a gama mayar da ƙasa ba, na ji wani a bayana yana cewa da na kusa da shi, "Yawon nan ne ya cinye shi. Tsoho da hawan dutse." Ɗayan ya ce, "Ai mun faɗa." Kafin mu dawo gidan makoki maganar ta riga mu isa, ta samu wuri a kan tabarma, ana miƙa ta daga baki zuwa baki tare da shayi.

Ƙarya ce, kuma ƙarya a kan mamacin da ko likkafaninsa bai yi ƙura ba.

Wata takwas ke nan Usta Isyaku bai taka ko bakin titi ba. Na sani, domin ni na hana shi.

Zan bayyana yadda aka yi, domin akwai wani dattijo mai rai da ake shirin zaunar da shi da wannan ƙarya, kuma ba zan yarda a yi da ni sau biyu ba.

Wanda bai san Usta ba (laƙabin da muke ba gwanin sana'a ke nan), to shi ne mai rumfar ƙarshe a layin dukawa na kasuwar Gadarif, inda ya shafe sama da shekara hamsin yana ɗinka markub, takalmin fatan nan namu. Tare muka yi karatun allo. Ni na zarce da littattafai, shi ya zarce da fata da basilla, kuma bai taɓa daina kirana Malam ba, ko da muna mu biyu, ko da yana yi mini tsiya.

Mutum ne da yake duban takalminka kafin ya dubi fuskarka. Yakan ce fuska tana iya ɓoye abu, amma dunduniyar takalmi ba ta san yadda ake yi ba.

Lokacin yankan riɗi, idan 'yan ƙwadago suka taru suna jiran motar gonakin Fashaga, sai ya ɗauki jakarsa ya bi su ɗaya-ɗaya yana cewa, "Ciro in gani." Ya ɗinke wanda ya tsinke, ya liƙe wanda ya ɓare, ya wuce ba ya jiran godiya. Da yaƙi ya koro mutane zuwa garin nan, da yawa ƙafafunsu a farfashe, kwana da kwanaki yana zaune a ƙofar inda aka sauke su, da tarin fata da guntayen taya a gabansa. Ban ji ya taɓa ambaton wannan ba. Wasu ne suka gaya mini.

Shekara huɗu da suka wuce ya ɗinka mini markub ja, ya kawo har gida. Ya ce, "Malam, wannan na tafiya ne, ba na zaman zaure ba. Na ninka masa ƙasa." Na yi godiya, na yi masa addu'a, na ci gaba da zaman zaure.

Asalin tafiyar tasa ciwon suga ne. Likita ya ce masa magani kaɗai ba zai isa ba, sai ya riƙa tafiya a ƙafa kullum, a hankali, ba gudu ba, ba kaya ba. Usta mutum ne mai bin umarnin wanda ya san aikinsa, domin shi ma haka yake so a bi nasa. Sai ya fara da lambun shaƙatawar da ke bakin gari, wanda muke kira hadika. Bayan sallar Asuba, idan gari ya waye, yakan zaga shi ƙarƙashin itatuwan darbejiya, ya zauna a benci ya huta, ya sake tashi.

A nan aka fara ganin baƙon abu. Ku kun san al'adarmu. Dattijo a unguwar nan wuri huɗu yake zuwa a ƙafa: masallaci, kasuwa, gona, gaisuwar mutuwa. Idan aka gan shi a hanyar da ba ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ko dai ya fara ruɗewa, ko kuma 'ya'yansa sun yar da shi.

Ya taɓa ba ni labari yana dariya. Wani mai raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku, ya tsaya a gefensa ya ce, "Ya Hajj, hau in kai ka, don Allah, ba sai ka ba da komai ba."

Ya ce, "Ina za ka kai ni?"

"Inda za ka."

Usta ya nuna ƙasar da ke gaban ƙafarsa ya ce, "To ai nan za ni. Ga shi na iso."

Daga baya, a wata damina, ya bi bayan hadika ya gano wata 'yar hanya mai tsakuwa da ba ta riƙe baƙar lakar nan tamu mai cire wa mutum takalmi. Ta bi ta gefen gonakin dawa, ta hau wani ɗan tudu, ta gangara gindin dutse inda ruwa ke zubowa daga sama bayan an yi ruwa mai ƙarfi. Shallal muke ce masa. Tafiyar awa guda ce ga tsoho marar gaggawa.

Bai riƙe abin shi kaɗai ba. Ya ja wasu tsofaffi uku, kowa da nasa ciwon. Biyu daga ciki Allah Ya yi musu rasuwa a shekarun baya, ɗaya a asibiti, ɗaya a gidan 'yarsa a Hawata. Wanda ya rage shi ne Baba Yunusa tela, mai fama da hawan jini, abokin tsiyar Usta tun suna samari.

Domin tsofaffin su samu wurin hutawa, Usta ya mirgina manyan duwatsu ya jera su a bakin hanyar, kowanne da tazarar da numfashin tsoho zai iya ɗauka. Ya sa musu sunayen zangunan da kakanninmu suka sauka a hanyarsu ta zuwa hajji. Dutsen farko Maiduguri. Na biyu Abashe. Sai Fashir, sai Sinnar. Na ƙarshe, wanda ke daf da ruwa, ya kira shi Sawakin, wai daga nan sai jirgin ruwa.

Baba Yunusa yakan zube a kan na biyu ya ce, "Ni a Abashe zan yi aure in zauna, ku gaida mutanen gaba."

Usta ya ce, "Tashi, tela. Kakanka ma haka ya ce, shi ya sa har yau ba ku isa ko'ina ba."

Duk wannan ji na yi. Ban taɓa zuwa ba.

Ya gayyace ni ya fi a ƙirga. Yakan ce, "Malam, kai kake karanta mana ayoyin ruwa da duwatsu, ka zo ka ga abin da kake karantawa." Ya siffanta mini shi har na haddace: tsayinsa kamar mutum biyu, ruwan ja ne ranar farko, ranar biyu ya washe ya yi fari, ranar uku ya zama zare, sannan ya ɗauke sai wani ruwan. Ya ce akwai wata bishiyar ɓaure da ta fasa dutsen ta fito, kuma idan ka zauna a Sawakin ba ka jin maganar na kusa da kai, sai dai ka ga leɓensa yana tasbihi. Kullum amsata ɗaya ce: ina da ɗalibai. Gaskiyar ita ce ina jin kunyar a ga rawanina a hanyar da ba ta masallaci ba.

To, ga yadda abin ya lalace.

A ƙarshen daminar bara wani ya bi su a ɓoye ya ɗauke su a waya. Tsofaffi biyu sun naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafu cikin ruwa, hula a ajiye a kan dutse, Usta ya ɗebi ruwa ya watsa wa Baba Yunusa, su biyun suna dariya har ana ganin giɓinsu. Aka watsa hoton a wayoyin unguwa, da rubutu a ƙasa wanda ba zan maimaita ba.

Wanda ya yi wannan ya san kansa, kuma na ga alamar yana cikin sahu yau da safe. Ina tambayarsa: me ka gani a wurin? Tsiraici ka gani? Giya ka gani? Salla ka ga an bari? Dattijai biyu ka gani suna farin ciki da ruwan Allah, zuciyarka ta kasa ɗauka.

Bayan kwana kaɗan, a wurin wani suna, wani ya dubi babban ɗan Usta a gaban jama'a ya ce, "Kai da taraktocinka a Fashaga, ubanka yana taka ƙasa kamar mai neman ƙwadago. Ko raksha ba za ku ɗaukar masa ba?" Aka yi dariya. Yaron ya koma gida bai ci abinci ba.

'Ya'yan suka roƙi mahaifinsu ya bari, ya ƙi. Suka ce za su riƙa kai shi a mota har gindin dutsen, ya ce likita bai ce mota ce ke da suga ba. Sai suka ɓoye masa takalmi.

A ɓoye wa baduku takalmi. Kafin La'asar ya yanka tsohuwar taya ya ɗinka wani. Suka ɓoye wannan ma, suka haɗa da basillar da wuƙar.

Da suka ga zai fita ko da ƙafa ba takalmi, sai babban ya zo wurina. Ya durƙusa a zaurena ya ce, "Baba Malam, mun zama abin nuni a gari. Ba ya jin maganar kowa sai taka."

Na je. Na tarar da shi a tsakar gida a kan angarib, gadon igiyan nan, 'ya'yansa maza uku a zaune a ƙasa. Na gyara murya na yi bayani mai tsawo a kan mutunci da kamala, da abin da malamai suka ce game da dattijon da ke kiyaye girmansa a idon mutane, da haƙƙin 'ya'ya kada a jawo musu zagi. Na tsara maganar da kyau. Na iya tsara magana.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, haramun ne?"

Na ce, "Ban ce haramun ba. Na ce bai dace da kai ba."

Ya ce, "Kakanmu da ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, da mata da 'ya'ya da jaki ɗaya, shi ya dace?"

Na ce, "Shi Ɗakin Allah ya nufa."

"Ya isa?"

"Bai isa ba. A Hawata aka binne shi."

"To shi ma yawo ya yi ke nan."

Ƙaramin ɗansa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni ban yi dariya ba. Na ji an kayar da ni a gaban yara, sai na ɗauko abin da na san ba zai iya turewa ba. Na ce, "Usta, ina roƙonka da girman allon da muka wanke tare, da girman abin da Allah Ya sanar da ni, ka zauna."

Ya daɗe yana kallon ƙafafunsa. Sannan ya ce, "Tun da Malam ya ce, na zauna."

Abin da ɓoyon takalmi ya kasa, kalmata ta yi shi a zama ɗaya.

Ina so ɗalibaina su karanta wannan da kyau. Ban faɗi ƙarya a ranar ba, kowace jimla da na kawo tana da asali. Amma na ɗauko al'adar unguwa na naɗa mata rawani na zaunar da ita a kujerar addini. Na auna surutun mutane na ga yana da nauyi, ban auna jinin mutumin da ke gabana ba. Kiyaye lafiyar jiki wajibi ne, tsoron bakin mutane ba wajibi ba ne, kuma wannan mas'ala ce da nake karantar da yara. Ranar da ta zo mini da fuskar abokina sai na juya ta.

Aka sayo masa kujera mai laushi, aka sa masa fanka, aka ce Baba ya huta. Kowa ya yaba wa 'ya'yan. Wanda ya yi musu gori a wurin suna shi ya fara cewa, "Yanzu kuka yi abin kai."

Ni ba likita ba ne, kuma na yi imani babu ran da ke wuce ajalinsa ko ya gaza shi da ƙiftawar ido. Amma ina da idanu. Mutumin da ke kai Sawakin ya dawo kafin rana ta yi zafi, cikin wata uku ya koma sai an riƙe shi zuwa bayan gida. Ƙafafun suka kumbura. Wani ɗan rauni ya fito a babban yatsa ya ƙi warkewa. Likita ya tambayi dalilin da ya sa ya daina tafiya, aka ce masa ai ya tsufa. Ajali na Allah ne, amma sababi za a tambaye mu a kansa, kuma ni ne a sahun gaba.

Ganinmu na ƙarshe ranar Alhamis da ta wuce ne. An kwana ana ruwa irin wanda ke cika kwaruruka. Na shiga dubiya da hantsi, na cire takalmina a ƙofar ɗaki. Yana kwance, ya rame, amma idonsa a buɗe tar.

Ya ce, "Malam, ka ji ruwan jiya?"

Na ce na ji.

Ya ce, "Yau shallal ja ne. Gobe zai yi fari. Ka je ka gano mini, ka zo ka gaya mini ko ɓauren nan yana nan."

Na ce, "In sha Allahu."

Ya yi murmushi, domin ya san irin wannan in sha Allahun, ya sha jin sa daga masu kawo gyara su ce gobe za su dawo. Sai ya ce a miƙo masa takalmina, jan markub ɗin da ya ɗinka mini. Ya juya shi, ya bi ƙasan da babban yatsansa kamar yadda ya saba, ya ce, "Shekara huɗu, har yanzu ɗinkina bai ga ƙasa ba. Malam, ko wani laifi na yi maka?"

Na kama yi masa addu'a, domin ita ce mafakar da na saba.

Da na tashi tafiya ya riƙe bakin rigata ya ce, "Ni tawa ta wuce, kuma ban riƙe ka da komai ba. Amma kada ku bari a zaunar da Yunusa. Shi kaɗai yake zuwa yanzu, kuma matsoraci ne, in aka yi masa tsawa sau ɗaya ya bari."

Ban je ba. Juma'a na ce akwai huɗuba. Asabar na ce akwai ɗalibai. Lahadi na ce ai ruwan ya ɗauke. Yau Litinin na yi masa salla.

Da muka dawo daga maƙabarta muka zauna a rumfar makoki, Baba Yunusa yana gefe ya haɗa kai da gwiwa. Ɗansa, mutumin kirki mai shagon hatsi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Mu dai mun ɗauki darasi. Daga yau Baba ba inda za shi." Kawuna suka gyaɗa. Wani ya ce, "Allah Ya yi maka albarka."

A daidai lokacin aka ɗaga labulen ƙofar gida. Hajja Kaltume, matar mamacin, ba ta fito ba, tana cikin takaba. 'Yarta ce ta fito da markub a hannu, baƙi, ƙasansa ya cinye har ya yi sumul, da busasshiyar laka a gefensa. Ta ajiye shi a bakin tabarma cikin takalman masu gaisuwa. Sai muka ji muryar Hajja daga bayan zana, ba ta ɗaga ta ba, amma babu wanda bai ji ba.

Ta ce, "A cikin buhun dawa aka ɓoye shi, wata takwas. Ga shi nan. Masu cewa yawo ne, su tambaye shi yaushe rabonsa da ƙasa."

Babban ɗan Usta ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Na miƙe, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da jama'a hukuncin da na yanke a tsakar gidan nan kuskure ne, na janye shi, ina neman gafarar Allah da ta iyalin mamaci. Na juya wajen ɗan Baba Yunusa na ce, "Ɗana, kada ka yi abin da na yi."

Ya ce, "Baba Malam, ni ba tafiyar nake ƙi ba. Na ga amfaninta, barci yake yi kamar jariri ranar da ya je. Bakin mutane nake tsoro. Ina da shago, ina da 'ya'ya mata. Amma in aka ga kai ma ka bi hanyar, wa zai zage ni?"

Kun ji. Ashe abin da ake buƙata tun farko ke nan, kuma takalmin yin sa yana ajiye a ƙofar ɗakina shekara huɗu.

Ba na zargin 'ya'yan Usta, kuma ban yarda wani ya ɗauki rubutun nan ya je ya soke su da shi ba. Sun yi abin da suka yi ne don ƙauna da kunya, sun kuma nemi fatawa kamar yadda aka koya musu. Fushina yana kan mai fatawar, sannan yana kanku, ku masu zaman benci a bakin shaguna, da kuke auna girman uba da yawan zamansa, kuke auna albarkar ɗa da yadda ya hana ƙafar ubansa taɓa ƙasa. Mu da ake kiranmu jikokin mahajjata. Mu da kakanninmu suka ratsa Wadai da Darfur da Kurdufan da tafin ƙafa, kakanninmu mata suka haihu a hanya suka goya suka ci gaba. Yau tafiyar awa guda ta zama abin kunya a gare mu, mai yin ta ya zama abin ɗauka a waya. Kuna alfahari da tafiyar matattu, kuna dariyar tafiyar masu rai.

Kuma da mutumin ya mutu a zaune, kamar yadda kuka so, ba ku ji kunyar ɗora wa tafiya laifin ba.

Saboda haka ga abin da zan yi, ina rubuta shi a nan domin kada in sake samun in sha Allahun da zan ɓuya a bayansa. Ranar Alhamis, bayan an yi sadakar uku, idan gari ya waye, zan tsaya a ƙofar hadika da rawanina da sandata da jan markub ɗin nan. Ni da Baba Yunusa za mu bi hanyar Usta, mu huta a kowane dutse. Duk dattijon da likita ya ce masa ya yi tafiya, ya zo. Wanda likita ya hana, ya zauna, ba da shi nake ba. Masu raksha, Allah Ya saka muku da alheri, kada ku tsaya mana. Mai waya kuma ya zo da wayarsa, ya matso kusa yadda fuskata za ta fito sosai, domin zan naɗe wandona.

Mai yiwuwa in tarar ruwan ya ɗauke, in ga dutse busasshe. Idan haka ne, rabona ke nan, na makara da kwana bakwai. Zan dai duba ko ɓauren yana nan, ko da babu wanda zan komo in gaya wa.

Kafin in baro gidan makoki na ga Baba Yunusa ya jawo baƙin markub ɗin nan ya zura ƙafa. Ya yi masa yawa. Ya ce, "Ƙafar jaki gare shi, Allah Ya jiƙansa." Ya laluba aljihu ya ciro ƙyallayen ɗinki ya cusa a bakin takalmin, ya miƙe ya taka sau biyu, ya dube ni ya ce, "Malam, kai a Maiduguri za ka zube, na sani. Ka taho da ruwan sha."

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Isyaku, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya ƙafafunsa da suka kumbura a kan biyayya ga maganar da ba ta cancanci biyayya ba. Ka sanya kowane ɗinki da ya yi wa matafiyi da ɗan gudun hijira a mizaninsa. Ka saukar da shi a gidajen da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinsu, inda ruwa ba ya ɗaukewa. Ka ba Hajja Kaltume da 'ya'yanta haƙuri, Ka cire musu nauyin da ba nasu ba ne. Ka gafarta mini abin da na faɗa da ilimi ba da hikima ba.

Kai da ka karanta har nan, ina roƙonka ka ɗaga hannu ka karanta masa Fatiha, ka sa ni ma a ciki, domin na fi shi buƙata. Allah Ya ba ka lafiyar ƙafa da hasken ido, Ya raya maka iyayenka idan suna raye, Ya jiƙansu idan sun riga mu, Ya kiyaye harshenka daga abin da zai zaunar da wani. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.